Injinan fotokofi masu kala da ake cewa sun mutu a biro-biron Maraɗi

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lahiya kai da ma'aikatanka da duk masu karatu. Ya aiki, ya zafi?

Ka ba ni ɗan fili in yi magana bisa wani abu da ba a cika kawowa a jarida ba, dan ba siyasa ba ne kuma ba tsadar hatsi ba ne, amma kuɗɗin da yake ci a garin nan ba kaɗan ba ne. Maganar manyan injinan fotokofi masu kala nike, masu durowa uku ko huɗu, masu buga A3, waɗanda ake saye ma biro-biron gwamnati da ƙungiyoyin agaji da makarantun kuɗɗi da shagunan buga takardu na kewayen Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da bakin babbar kasuwa. Gyaransu ne sana'ata, na daɗe cikinta, kuma na san wani zai ce ai talla ce ya zo yi. To ya ce. Ni dai abin da nike gani, duk wanda ya shiga biro a Maraɗi ya leƙa lungu ko bayan ƙofar magaza zai iske inji ɗaya ko biyu an lulluɓe da tsohon labule an ɗora kwalaye bisa, in ka tambaya a ce maka ai wannan ya mutu tuni. Akasarinsu ba su mutu ba wallahi. Wani robar jan takarda ce ta yi santsi, wani fur ne, wato wurin da ke gasa rubutu ya manne bisa takarda, ke son canji, wani ma kwandon tarkacen ankir, wato garin tawada, ne kawai ya cika injin ya tsaya yana jiran a kula shi, sai anka ja shi gefe anka rubuta takardar neman sabo.

Mu nan inji muke saye, ba mu sayen kulawarshi. Ranar da anka sauke shi daga mota kowa na murna, direkta ya zo ya danna ya ga kala ta fito tas, a biya mai kawowa a sallame shi, shi kenan magana ta ƙare. Babu wanda ya tambaya wa zai riƙa duba shi, daga ina piyes za ta zo, kuma a wane layi na kasafin shekara za a cire kuɗɗin. Alhali tun asalin sana'ar nan ba haka take ba. Injin da ya fara yaɗuwa a ofisoshin duniya, Xerox 914 na shekarar 1959 a Amurka, haya anka riƙa ba da shi, dalar Amurka 95 a wata da kofi 2,000 a ciki, abin da ya hau kan haka a biya santi 4 kowane kofi, gyara kuma na kamfani ne. Har da ƴar tukunyar kashe gobara ake haɗo shi da ita dan yakan ƙona takarda. Har yau a Turai da Japan haka ake yi, kwantara ce ake sa hannu, kana biya bisa yawan shafin da konta ta nuna, su kuma ankir da piyes da zuwan mai gyara na wuyansu. Waɗanda sunka ƙera abin da kansu ba su yarda ya zauna babu mai dubawa ba, sai mu da ke cikin ƙura da zafi da wutar da ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Mai kala ba kamar mai baƙi zalla ba ne, wannan shi ne abin da masu saye ba su ganewa. Mai baƙi ankir ɗaya, tambur ɗaya, wato gangar nan mai juyawa da hoton ke fara zanuwa bisa kanta. Mai kala ankir huɗu gare shi, shuɗi, ja mai ɗan jirkita, ɗorawa da baƙi, kowane da tambur ɗinshi da wurin da ake cakuɗa garin da wani garin ƙarfe mai ɗauko shi, sannan dukkansu su zuba bisa wata baƙar ɗamara mai juyawa, ita ce ke ɗora hoton kan takarda, daga nan takardar ta wuce cikin fur a gasa garin ya manne, zafin wurin nan yakan haura digiri 150. Kenan abin da zai lalace ya ninka huɗu. Kuma kowane daga cikinsu yana da adadin shafin da anka ƙayyade mishi, injin da kanshi yana ƙirgawa, in ka shiga menu za ka ga tambur ɗin shuɗi saura kaza cikin ɗari, ɗamara saura kaza. Ba lalacewa ba ce, ƙarewa ce. Ɗan kabu-kabu bai taɓa cewa babur ɗinshi ba shi da kyau dan lokacin bidanj ya yi, ya san da shi ya sayi babur ɗin, kuma kullum yana ware ma man ƴan kuɗɗi. Amma kontabul in ka kai mishi takardar tambur sai ya dube ka ya ce injin da anka saya bara-bara?

Ana yawan tambayata wane kamfani ya fi ƙarko, Canon ko Ricoh ko Konica Minolta ko Kyocera ko Sharp ko Toshiba. Dukkansu na buɗe cikinsu, kowane da halinshi, Kyocera misali an san shi da tambur mai daɗewa, wasu kuma kalarsu ta fi haske a hoto. Amma amsar da nike bayarwa ba ta canzawa: wanda ya fi shi ne wanda piyes ɗinshi ke kusa kuma akwai mai gyaran da ya san shi a garin. Inji mafi kyau a duniya in ba a samun tambur ɗinshi sai an aika Dubai, to ba naka ba ne. Abu na biyu girma. A takardar talla za ka ga an rubuta wani babban adadi na abin da injin zai iya bugawa a wata, wannan iyakar ƙarshe ce, akwai wani adadi ƙarami nesa da shi wanda kamfani ke ba da shawara a tsaya kanshi, mai sayarwa ba zai nuna maka shi ba sai ka tambaya. Sai ka ga an ɗauki ƙaramin inji na sakatariya guda an sa shi buga jarrabawar gwaji ta ɗaliban BEPC da BAC na makaranta sukutum, dare da rana, in ya durƙusa a ce kamfanin ne ba shi da kyau. Akwai kuma akasin haka, a sayo ƙato mai shafi 60 a minti a aje a biron da ba a buga ram ɗaya a sati, shi ma zaman banza na cutar da shi, garin ya dunƙule robobi su bushe.

Yanzu ga inda nike son in daɗe, wuta. Kowa ya san wutar Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma kowa ya tuna abin da ya faru a watan Agusta 2023 lokacin takunkumin CEDEAO da Najeriya ta yanke layin, kowa ya koma kan gurup da sola. To daga lokacin nan ne injinan da yawa sunka shiga lungu. Babban inji mai kala in fur na ɗumama yakan ja wat 1,500 ko fiye, ba fanka ba ne ba talabijin ba ne. Sai a jona shi a ralonj ɗaya da firij da butar shayi ta lantarki, wayar siririya, babu ter, wato wayar da ke kai wuta ƙasa. In wuta ta ɗauke mai gadi ya ruga ya tada gurup ya juya lebiye, injin na kunne, wutar farko da gurup ke turowa kafin ya daidaita ita ce ke cin katin wuta. In ta dawo a sake juyawa, nan ma yana kunne. Sau nawa a yini? Kati ne da ba a ɗinke shi da waya, in ya tahi sai wani. Abin da ya kamata ba wani abu mai wuya ba ne: layinshi daban tun daga dizhonkter, ter ta gaskiya da anka binne ƙarfe a ƙasa, regilater mai ƙarfin da ya fi na injin, sannan doka a manna a bango cewa kafin a tada gurup ko a juya a kashe inji, sai wuta ta zauna a kunna. Ƙaramin ondiler ɗin kwamfuta kuma, mai riƙe mata wuta in an ɗauke, dan Allah a daina jona mishi, ba zai ɗauka ba, ondiler ɗin ne zai ƙone. Masu sola su ma su duba ƙarfin konbatiser ɗinsu mai maida wutar batir ta gida, da yawa in fur ya ja sai ya yi ƙara ya yanke, injin ya mutu tsakiyar aiki da takarda a bakinshi.

Kashewar ma da yadda ake yinta. Waɗannan injinan kwamfuta ce a cikinsu da diski, akwai ƙaramin maɓalli da ake fara dannawa a jira allo ya mutu fankokin ciki su gama huce fur. Mu kuwa ƙarfe biyar na yi sai a fizge waya daga bango a rufe ƙofa. Wata safiya a kunna ya tsaya kan tambarin kamfani ya ƙi wucewa, diski ya tafi.

Sai kuma a kula da inda injin ya fito. Namu bolt 220 ne. Na Amurka 120, na Japan 100. Na okaziyon da yawa ana kawo su da taransifo a ɗaure a baya, ranar da wani sabon yaro ya cire taransifon dan yana son ya jona caja ya maida wayar injin kai tsaye a bango, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna. Na Turai sun fi dacewa da mu dan wutarmu ɗaya.

Zafi da ƙura kuma ba sai na faɗa ma mutumin Maraɗi ba. Littafin kusan kowane inji yana cewa a aje shi tsakanin digiri 10 zuwa 30 ko 32, mu kuwa Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Garin ankir roba ce da anka niƙa, an yi shi ne dan ya narke da zafi, to in ka aje kwalinshi a magaza mai rufin kwano ko a bayan mota tsakar rana me kake jira? Ya dunƙule, a sa a inji ya toshe bututu, a ce ankir ɗin jabu ne alhali ajiya ce ta kashe shi. Abin da ya fi ba ni haushi, ka shiga biro kilim na ɗakin shugaba inda takarda biyu ce bisa tebur, injin miliyoyi kuma na koridor gab da taga, rana na dukanshi, an manna bayanshi da bango fanka ba ta samun inda za ta fitar da iska. Da hunturu buji ya shigo ya kwanta bisa madubai da gilashin leza, kofi ya fara fita fari-fari ta gefe ɗaya, robobin jan takarda su yi santsi, takardar ta bushe ta riƙa mannewa injin ya ja biyu-uku lokaci guda. Da damina kuma ram ɗin da anka buɗe anka bari ya sha raɓa, ya fito daga fur a nannaɗe ya maƙale. Takardar da ta kwana a buɗe cikin watan Agusta ta sa an kira ni fiye da duk wata babbar matsala. A bar ram a ledarshi sai za a sa, a ɗan karkaɗa shi a iska kafin a zuba a durowa, a rufe inji da yadi in an tashi, bayan ya huce. Ban da su kyankyaso da tsaka da ɓera masu son ɗumin ciki, na sha ciro tsaka a soye bisa katin wuta, musamman inda ake cin ƙosai da biredi a kan murfin injin.

Bari in ba ka misalin irin kiran da ake yi muna. Wata sakatariya ta buga waya hankali tashe wai baƙin layi na fitowa tun daga sama har ƙasa a kowane kofi, ga dosiyen kwankur tuli, takardun haihuwa da na zama ɗan ƙasa da za a kai meri a buga hatimi, mutane na tsaye, kuma wani ya riga ya ce musu tambur ne har an yi lissafin kuɗɗi. Na ce Hajiya in kin ɗora takardar bisa gilashi da hannu layin na fitowa? Ta gwada, babu. In kin sa ta sama inda injin ke ja da kanshi fa? Ga shi nan. Na ce ɗaga murfin, gefen hagu akwai wani siririn gilashi dogo, duba da kyau. Ɗigon farin ruwan goge rubutu ne da bai kai ƙwayar gero ba ya bushe a kai, duk takardar da ta wuce sai ya ja mata layi. Ta kankare da farce ta goge da tsumma, magana ta ƙare. Da an canza tambur ɗin layin na nan, sai a ce mai gyara ɓarawo ne ko injin ya tsufa.

Haka maganar takarda in ta maƙale. Injin na nuna maka a allo ƙofar da za ka buɗe da koren hannun da za ka juya, a ja takardar a hankali ta hanyar da take tafiya. Amma sai a kira mai gadi ya zo da almakashi ko wuƙa ko cokali ya zura cikin fur, fatar da ke ciki siririya ce ƙwarai, yanka ɗaya ta tafi, kuma ba a faci. Ko a ciro tambur a jingine bakin taga ana neman guntun takarda, shi kuwa haske ke kashe shi. Masu katin biki da na suna su ma da nasu: takarda mai kauri ba ta durowa ake sa ta ba, ta ƙofar gefe ce, kuma sai an gaya ma injin kaurinta dan ya rage gudu ya ƙara gashi, in ba haka ba kalar ta riƙa gogewa a hannu ragowar ta manne a fur. Takardar hoto mai sheƙi ta ƙananan firinta masu ruwan tawada kuwa narkewa take a ciki. Duk wannan awa biyu ta isa a koya ma ma'aikata ranar da anka kawo injin, amma babu mai sa shi a cikin ciniki.

Ankir kuma nan ne rigimar take. Ba zan ce kowa ya sayi orijinal ba, na san aljihun mutane, mai shagon da ke karɓar dala biyar a kofin baƙi in ya ce sai orijinal rufewa zai yi. Akwai na kamfanonin gefe masu kyau da anka yi dan wannan samfurin takamaimai, ana aiki da su lahiya lau. Wanda nike tsoro shi ne garin kilo da ake aunawa a leda a ce maka yana shiga kowane inji. Babu garin da ke shiga kowane inji, kowane da zafin da yake narkewa da irin cajin da yake ɗauka. Satin farko kala ta fito, mai shago na murna ya yi riba, daga baya bayan takarda ya fara datti, gari ya riƙa zuba cikin inji, ya gurɓata garin ƙarfen nan, sai an wanke an canza duka huɗu. Har akwai masu kwashe na kwandon tarkace su maida, wanda kaloli huɗu ne a gauraye da ƙurar takarda. Araha ba ta ado.

Wani abin da kontabul ya kamata ya sani, adadin shafin da ake rubutawa a kwalin ankir an auna shi ne bisa shafin da gari ya rufe kashi 5 cikin 100 kawai, wato wasiƙa mai ƴan layuka. In kana buga fosta da hoton ango da amarya ko kalanda mai cike da kala, kar ka jira ko rabin rabin wannan adadi. Ba sata sakatare ya yi ba. Sannan in an bar injin bisa kala ta atomatik, ƙaramin tambari shuɗi a saman wasiƙa ya isa ya sa tambura huɗu su juya konta ta ƙirga shafin kala. A maida shi baƙi a matsayin na kullum, a ba kowane sashe lambar sirri ta kala, duk injinan nan suna da wannan tsarin a ciki kyauta, kunnawa kawai ba a yi. Wurin da anka kunna shi za ka ga katunan biki na ƴan uwa da abokan arziki sun ragu da kansu.

Na okaziyon ba laifi ba ne, yawancin shagunan garin nan da su suke ci, kuma wanda ya gama kwantararshi a Turai cikin sanyi da kulawa yakan fi sabon da anka wulaƙanta. Sai dai kar a saya a hoton WhatsApp. A je da mai gyara, a kunna, a buga shafin konta da shafin da ke nuna shekarun piyes, a buga kala huɗun ɗaya bayan ɗaya cike da shafi a ga ko akwai layi ko ɗigo mai maimaituwa, a ja takarda daga kowace durowa, a gwada gaba da baya. Konta ana iya taɓa ta, amma robobi da ƙurar gari a ciki ba su ƙarya, in an ce maka bai yi aiki ba ka ga maɓallin kore ya goge har ya yi fari ka san inda ka dosa. A tambayi shekarar da anka daina ƙera samfurin, dan kamfanoni yawanci shekara kamar 7 suke ci gaba da yin piyes bayan nan, daga nan sai dai a yanka wani injin a gyara wani. Kuma diskin nan yana iya riƙe abin da anka taɓa ɗauka, mun sha kunna na okaziyon mu iske sunaye da adireshin mutanen wani ofishi da Jamusanci ko Faransanci. To mu ma ranar da biron da ke kofin takardun albashi ko na marasa lahiya zai yi gwanjon tsohon injinshi, a goge diskin ko a cire shi kafin ya fita ƙofa.

Hanyar piyes ita ma ta canza. Da kaya ta Kotonu da Gaya suke shigowa, da anka rufe iyakar Benin a 2023 manyan kaya sunka koma bin ta Lome su ratsa Burkina, lokaci ya ƙaru kuɗɗi sun ƙaru. Wakilan kamfanoni na Yamai, sama da kilomita 600 daga nan, in ka ce sai teknisiyan ya taso daga can kuɗɗin mota da masauki sun fi piyes ɗin tsada, kuma sai ya zo ya gani sannan ya koma ya aiko. Mu abin da ke cetonmu Kano ce, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ka ɗauki hoton lambar piyes ka tura, a ba direba ya kawo, abin da babu a Kano a nemo Legas. Shi ma da nashi ciwon kai, canjin naira, ga kwalin da ke da tambarin kamfani amma cikin ba shi ba ne. Shi ya sa nike ce ma duk mai babban inji ya aje ƙananan abubuwa a durowa tun kafin buƙata: robobin jan takarda, kwandon tarkace ɗaya, ankir baƙi ɗaya a gaba kullum, in da hali tambur baƙi dan shi ke fara ƙarewa. In lambar kuskure ta fito a allo kuma a ɗauki hotonta kafin a kashe, E000 a Canon, SC542 a Ricoh, C6000 a Kyocera duk maganar fur suke, da lambar nan mai gyara zai san abin da zai riƙo tun daga gida. Kuma kar a je a koyo yadda ake share lambar a yi ta sharewa ba a duba dalili ba, injin ya tsaya ne dan kar ya ƙone.

Mu masu gyara ma akwai magana a kanmu. Akwai mai cire piyes mai kyau a injin wannan ya sa ma wancan ya karɓi kuɗɗin sabuwa. Akwai mai maida ƙirgen tambur sifiri ya ce ya canza. Akwai wanda bai san samfurin ba amma ba zai ce ban sani ba, sai ya kwance ya bar maka sukurori a leda. Maganin wannan a hannun mai inji yake: a aje kaye ɗaya a jikin injin, duk wanda ya taɓa ya rubuta kwanan wata da konta da abin da ya yi ya sa hannu, tsohuwar piyes da kwalin sabuwar a bar su a biro. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Roƙona ga masu rubuta takardun marshe na gwamnati da na ƙungiyoyi, a daina ba wanda ya fi araha a kuɗɗin inji kawai. A sa a ciki kulawar shekara biyu ko uku, ziyara a ƙayyadadden lokaci ko ba pan, farashin shafin baƙi da na kala a rubuce, kwana nawa mai gyara zai iso in an kira, sunan wakilinshi a nan Maraɗi ba a Yamai ba, da horon ma'aikata, da regilater da aikin ter. Wani kaso na kuɗɗin kuma a riƙe sai injin ya yi shekara yana aiki. Ƙungiyoyin agaji masu barin inji kyauta in purojensu ya ƙare, su bar shi da ankir da piyes na shekara, ko su ba da ƙarami mai baƙi da wurin zai iya ciyarwa.

Sannan yara. Muna da Lise Teknik Ɗan Kasawa, muna da cibiyar fasaha ta IUT a jami'a, ga cibiyoyin koyon sana'a, ga FAFPA da ke tallafa ma koyo a wurin masu sana'a. Yaran da ke karatun lantarki da kwamfuta suna fitowa suna cincirindo a gyaran salula, wannan fanni kuwa mu ƙalilan ne kuma muna tsufa. Injinan nan da ke lulluɓe a magaza, waɗanda da gaske ba su tashi, a ba makarantun nan yara su kwance su ɗaura su ga yadda takarda ke tafiya daga durowa zuwa fur. Tunda kundin tafiyar da ƙasa da anka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, a samu wanda zai rubuta ɗan littafin kula da inji da Hausa, shafi goma da hotuna, a manna a bango kusa da kowane inji dan sakatare da pilanto da mai gadi. In makarantun na so, ni da abokan sana'ata biyu-uku za mu iya zuwa ranar Asabar da kayan aikinmu, injin gwaji ɗaya kawai za su tanada da wuta mai ter.

Na gode da fili Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naka mai karatu,
wani mai gyaran injin fotokofi, unguwar Zariya, Maraɗi